Jirgin Da Fasinjojinsa Suke Fita Tun Yana Sama

Ran 20 ga Satumba, 2025, wani ƙaramin jirgin sama ya tashi daga filin garin Tully, a arewacin ƙasar Ostareliya. Mutum 17 ne a cikinsa, ban da direba. A cikinsu duka ba mai niyyar sauka tare da jirgin sai direban kaɗai. Sauran 'yan wasan tsalle da laima ne, kowa da jakarsa goye a baya. Sun shirya su 16 za su fita tare su kama hannun juna a cikin iska, na 17 kuwa ya ɗauki hotonsu.

Da jirgin ya kai ƙafa 15,000 sai aka buɗe ƙofa. Mutum na fari yana cikin fita ke nan, sai mariƙin laimarsa ta biyu, wadda ake ajiyewa domin ko-ta-kwana, ya maƙale a gefen fiffike. Nan take laimar ta buɗe. Iska ta fizge shi baya, ya ture mai ɗaukar hoto, ƙafafunsa suka bugi wutsiyar jirgin, laimar kuma ta naɗe wutsiyar. Ga mutum nan yana reto a ƙarƙashin jirgi, tsakaninsa da ƙasa kusan mil 3.

Za mu komo kan yadda abin ya ƙare. Sunan irin wannan jirgi Cessna Caravan, yana kuwa cikin jiragen da aka fi ɗaukar masu tsalle da su a duniya. Shi ne kuma jirgin da 'yan mishan ke kai likitoci da magunguna da masu bishara ƙauyuka da shi a ƙasashen Afirka da dama. To, me ya sa masu tsalle suka zaɓe shi? Ya dace da aikin nan kuwa? In mun bi amsar a hankali za mu sami abin da zai amfane mu, ko da ba za mu taɓa shiga jirgi ba.

Wane irin wasa ne wannan?

Yawancinmu mun taɓa jin labarin sojan laima, waɗanda ake zubo su daga jirgi a lokacin yaƙi. To, a ƙasashe da yawa akwai farar hula da ke yin haka domin nishaɗi, kamar yadda wani ke sukuwa ko iyo. Abin ba sabo ba ne. Tun a 1797 wani Bafaranshe, André-Jacques Garnerin, ya sauko da laima daga babban balan-balan a birnin Paris. A 1919 wani Ba'amurke, Leslie Irvin, ya fita daga jirgin sama a Jihar Ohio, ya bar kansa ya faɗi tukuna, sa'an nan ya ja mariƙi da hannunsa, laima ta buɗe. Ya karya idon sawu wajen sauka, amma ya nuna abin mai yiwuwa ne.

Yanzu akan kai mutane ƙafa 10,000 zuwa 14,000, wani lokaci har 15,000. In mutum ya fita yakan yi ta faɗuwa wajen minti guda, ruf da ciki, hannuwa a buɗe, da gudun da ya kai mil 120 a sa'a. Sa'ad da ya rage ƙafa 3,000 zuwa 5,000 tsakaninsa da ƙasa, sai ya buɗe laima, ya sauko a hankali cikin 'yan mintoci. Sabon shiga kuwa akan ɗaure shi a ƙirjin gwani, su sauko da laima guda.

Kowane mai tsalle laima biyu gare shi a cikin jaka, babba da ta ko-ta-kwana. A Amurka doka ta ce sai gwani mai takardar shaida ne zai naɗe ta biyun, kuma duk kwana 180 sai an warware ta an duba an sāke naɗewa, ko an yi amfani da ita ko ba a yi ba. Yawancin jakunkunan kuma suna da wata 'yar na'ura mai auna tsawo da gudu, wadda ke buɗe laima ta biyu da kanta in mutum ya suma. Ƙungiyar masu wannan wasa a Amurka ta ƙirga tsalle miliyan 3.65 a shekarar 2023, mutum 10 suka rasu. Amma kafin mutum ya yi tsalle sai jirgi ya kai shi sama tukuna, wannan tafiya kuma tana da nata hatsari.

Ba kowane jirgi ba ne

Babban jirgin fasinja an ƙera shi domin ya riƙe mutane a ciki. Ƙofofinsa ba sa buɗuwa a sama, kuma gudunsa ya yi yawa ga mai fita. Jirgin masu tsalle kuwa aikinsa kamar na guga ne a bakin rijiya. Ya hau cike, ya zubar, ya sauko fanko, ya sāke hawa, har sau 15 ko 20 a ranar da kasuwa ta ci. Ba ya zuwa ko'ina. Inda ya tashi nan yake sauka.

Saboda haka masu sayen irin wannan jirgi sukan yi tambaya biyar. Ina fiffike yake, sama da ƙofa ko ƙasa da ita? Ƙofar tana da girman da mutum mai jaka a baya zai fita ba tare da ya goga ba? Injin yana iya hawa da sauri da kaya cike? Jirgin yana iya rage gudu ƙwarai ba tare da ya ƙwace wa direba ba? Ta biyar kuma, zai jure wa tashi da sauka dukan yini ba tare da kuɗin gyara ya cinye riba ba?

Shekaru da yawa ƙaramin Cessna 182, wanda aka fara ƙerawa a 1956, shi ne jakin wannan aiki, har yanzu kuma ana amfani da shi a ƙananan wurare. Mutum 4 yake ɗauka ban da direba, a takure a ƙasa, gwiwa da gwiwa, kuma yakan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin ya kai ƙafa 10,000. Akwai kuma Twin Otter na ƙasar Kanada, wanda ya fara tashi a 1965. Inji biyu gare shi, yana ɗaukar mutum fiye da 20, amma sayensa da riƙonsa sai mai hali. Caravan ya zauna a tsakaninsu. Ya fi na farin girma nesa, bai kai na biyun tsada ba.

Asalin Caravan

Ma'anar sunan ita ce ayari. Kamfanin Cessna na birnin Wichita, a Jihar Kansas ta Amurka, shi ya ƙera shi. Ya fara tashi a watan Disamba, 1982, aka fara miƙa shi ga masu saye a 1985. Masu ƙera shi ba 'yan tsalle suka sa a gaba ba. Abin da suke so shi ne jirgin dako mai ƙarfi wanda zai sauka a filin ƙasa ko na ciyawa, ya ɗauki buhuna da akwatuna da mutane. Kamfanin aika saƙo na FedEx ya sayi ɗaruruwa. Daga baya aka ƙara masa tsawon ƙafa 4, aka kira dogon Grand Caravan. Ya zuwa farkon 2023 an ƙera guda 3,000.

Ƙungiyar jiragen mishan da ake kira MAF ta yi shekaru tana aiki da shi a Chadi, da Sudan ta Kudu, da Uganda, da Kenya. Abubuwan da suka sa 'yan mishan suka so shi, su ne suka jawo hankalin 'yan tsalle. Bari mu duba su ɗaya ɗaya.

Inda ya dace

Na fari, fiffike. Fukafukan Caravan a bisa rufinsa suke, faɗinsu daga wannan baki zuwa wancan ƙafa 52. Ga direban mishan wannan yana nufin fiffike ba zai taɓa ciyayi da ƙananan itatuwa a gefen fili ba. Ga mai tsalle kuwa yana nufin ba abin da ya tare masa hanya a ƙarƙashin ƙofa, yana kuma iya leƙa ƙasa ya ga filin da zai sauka.

Na biyu, ƙofa. A gefen hagu, bayan fiffike, akwai ƙofar kaya mai faɗin wajen ƙafa 4 da tsawon wajen ƙafa 4. Ta nan ake shigar da majiyyaci a kwance, ko gangar mai. Masu tsalle sukan cire wannan ƙofa su sa wata ta roba mai haske, wadda ake turawa sama kamar yadda ake naɗe asabari. Sukan kuma kafa ƙarfe a bisa ƙofar domin riƙewa, da ɗan matakala a waje, don wasu su tsaya a jikin jirgin daga waje su jira 'yan'uwansu, dukansu su saki tare.

Na uku, ciki. Akan kwashe kujeru duka, a sa dogayen benci biyu ko kuwa a zauna a ƙasa, kowa a tsakanin ƙafafun na bayansa. Ta haka jirgin da a kan hanya yake ɗaukar fasinja 9 zuwa 13 sai ya ɗauki 'yan tsalle 15 zuwa 18.

Na huɗu, inji. Ƙananan jirage irin su 182 injinsu ɗan'uwan na mota ne, mai fistin, yana shan wani fetur na musamman mai tsada, wanda ba ko'ina ake samunsa ba. Na Caravan kuwa irin na manyan jirage ne, sai dai shi farfela yake juyawa. Ana kiransa PT6, ana ƙera shi a Kanada, mansa kuwa dangin kananzir ne. Ƙarfinsa a yawancin jiragen ƙarfin doki 675 ne, a sabon Grand Caravan EX kuwa 867. Yakan yi sa'a 3,600 yana aiki kafin a kwance shi domin babban gyara, alhali mai fistin yakan tsaya a 1,500 zuwa 2,000. Da injinsa na asali yakan kai kayansa ƙafa 13,000 cikin minti 20 ko ɗan fiye. Wasu masu shi sukan musanya injin da mai ƙarfin doki 850 ko 900, hawan ya koma wajen minti 15 ko ƙasa da haka. Wajen saukowa ma haka. Direban jirgi mai fistin yakan sauko a hankali don kada injin mai zafi ya huce da gaggawa ya tsage. Direban Caravan kuwa yakan sunkuyar da hanci ya gangaro, har wani lokaci ya riga na ƙarshen fita taka ƙasa.

Na biyar, ƙafafu. Tayoyinsa 3 a kafe suke, ba sa naɗewa cikin jirgi. Wannan yana ɗan rage masa gudu, amma abin da ba ya motsi ba ya saurin lalacewa, kuma direban da ya gaji a sauka ta 18 ba zai manta ya sauko da taya ba.

In aka haɗa waɗannan duka, amsar tambayarmu ita ce i, Caravan ya dace da aikin. Amma kowane jirgi yana da iyakarsa, wannan ma yana da tasa, guda huɗu.

Wutsiya

Iyaka ta fari ita ce wadda muka gani a Tully. Ƙananan fukafukan wutsiyar Caravan suna bayan ƙofa ne, 'yan ƙafafu kaɗan. Duk abin da iska ta kwasa daga bakin ƙofa, can za ta nufa da shi. In jirgin yana cikin hawa, hancinsa sama, wutsiya takan yi ƙasa, ta zo daidai hanyar mai fita. Don haka kafin kowa ya fita sai direba ya daidaita jirgin, ya rage wuta, ya sauko da marfin bayan fiffike kaɗan domin wutsiya ta ɗaga, sa'an nan ya kunna koriyar fitila. Wanda ya fita kafin fitilar nan, ko ya yi tsalle sama maimakon ya saki jiki ƙasa, yana iya karo da wutsiya.

Laimar da ta buɗe a bakin ƙofa ta fi wannan muni. A watan Afrilu, 2001, a Nagambie, can ma a Ostareliya, laimar wani ta buɗe yana bakin ƙofar Caravan, ta naɗe wutsiya. A wannan karo wutsiyar ta karye ta rabu da jirgin. Mutumin ya rasu. Sauran suka fita, direban ma ya fita da tasa laima da ƙyar, saura kaɗan jirgin ya bugi ƙasa. Shi ya sa ake koya wa kowane mai tsalle ya kāre mariƙansa da hannu duk lokacin da ya motsa a cikin jirgi, kuma kowa ya duba jakar ɗan'uwansa kafin a buɗe ƙofa, gama ba mai ganin bayansa.

Nauyi da zaman kaya

Iyaka ta biyu ita ce nauyi. Bari mu yi ɗan lissafi tare. Grand Caravan ba a yarda ya tashi da nauyin da ya wuce wajen kilo 3,970 ba, shi da kome da kome. Jirgin kansa ya cinye fiye da rabin wannan. Abin da ya rage bai kai kilo 2,000 ba. In aka cika tankunansa, man kaɗai wajen kilo 1,000 ne. A ce kowane mai tsalle da jakarsa kilo 90 ne, mutum 17 sun zama kilo 1,530 ke nan, ga direba kuma. Kun ga ba shi yiwuwa a cika mai a kuma cika mutane. Saboda haka jirgin 'yan tsalle yakan sha mai kaɗan kaɗan, na hawa biyu ko uku da ɗan ragi, a koma a ƙara. Ranar zafi kuma lissafin yakan canja, gama iska mai zafi ba ta da kauri, fiffike da inji duka ƙarfinsu yakan ragu.

Ba yawan kaya kaɗai ake dubawa ba, har da inda kayan ya zauna. Duk wanda ya taɓa aza wa jaki mangala ya san in gefe ɗaya ya rinjaya kayan ba zai kai gida ba. Duk wanda kuma ya ga babbar mota da aka lafta wa kaya a baya tana hawan tudu, ya ga yadda gabanta ke neman ɗagawa. Jirgi ma haka yake, sai dai shi a iska yake rataye kamar sikeli, fiffike ne tsakiyarsa. Kayan dako akan ɗaure su wuri guda. Kayan jirgin 'yan tsalle kuwa ƙafafu gare su. Da an buɗe ƙofa kowa yana ɗokin matsawa baya inda ƙofar take, a daidai lokacin da direba ya rage gudu.

In nauyi ya taru a baya, hanci yakan ɗaga, gudu ya ƙara raguwa, har iska ta daina riƙe fiffike. Daga nan sai jirgin ya kife ko ya shiga juyi. Haka ya faru ran 14 ga Yuli, 2019, kusa da birnin Umeå a ƙasar Suwidin, da wani ƙaramin jirgi dabam da ake kira Airvan. Masu bincike sun ga cewa gudunsa ya yi ƙasa, nauyi kuma ya rinjaya baya sa'ad da ake shirin fita. Jirgin ya ƙwace, ya shiga gajimare, ya kakkarye tun yana sama. Dukan mutum 9 da ke ciki suka rasu, ko da yake fasinjojin suna goye da laima. Jirgin da ke juyi yakan manne mutum da bango, ya kasa kai wa ƙofa.

Domin wannan ne a wurare da yawa ake ja layi a daɓen Caravan, a rubuta yawan mutanen da aka yarda su ƙetare shi zuwa baya a lokaci guda. Sauran sai su zauna gaba, su jira na farko su fita.

Inji guda

Iyaka ta uku, injinsa guda ne. Amintacce ne ƙwarai, amma in ya mutu babu na biyu. In hakan ya faru a can sama, sai direba ya ba da umurni kowa ya fita da laimarsa, shi kuma ya lallaɓa jirgin ya sauko a kan fiffike. In kuwa ya faru jim kaɗan bayan tashi, laima ba ta da amfani, gama ba ta da tsawon da za ta buɗe. A lokacin nan abin da ke ceton rai shi ne ɗamarar da ke ɗaure kowane mutum da daɓen jirgi. Idan ba a ɗaura ba, mutum 17 za su zube wa juna a wuri guda. Shi ya sa doka ta ce a ɗaura kafin a tashi, ba a kuwa kwancewa sai an yi nisa da ƙasa.

Numfashi

Iyaka ta huɗu ta jikin ɗan adam ce. Caravan yana iya hawa fiye da inda huhun mutum zai wadatu. Iskar can sama ba ta ƙosar da jini, mugun abin kuma shi ne wanda abin ya kama ba ya ganewa. Yakan ji daɗi ma, alhali hankalinsa yana dushewa. Dokar Amurka ta ce direba ya shaƙi iskar oksijin ta kwalba duk lokacin da ya wuce ƙafa 14,000, in an wuce 15,000 kuma a tanada wa kowa da ke ciki. Ran 7 ga Oktoba, 2007, wani Caravan yana komar da 'yan tsalle gida da dare ya faɗi a duwatsun Jihar Washington, mutum 10 suka rasu. Masu bincike sun ce direban ya daɗe a can sama ba tare da iskar kwalba ba, hankalinsa ya raunana a daidai lokacin da ya shiga mummunan yanayi.

Yadda aka ƙare a Tully

Mu koma wurin mutuminmu da muka bari yana reto. Direba ya ji hancin jirgi ya ɗaga farat ɗaya, gudu yana faɗuwa. Ya tura sanda gaba, ya ƙara wuta, kafin a gaya masa akwai mutum rataye a wutsiya. Mutum 13 suka fita, 2 suka tsaya a bakin ƙofa suna kallo, ba abin da za su iya yi masa.

Shi kuwa yana da wata 'yar wuƙa mai lanƙwasa, wadda aka yi musamman domin yanke igiya. Doka ba ta tilasta masa ɗaukarta ba, amma ya ɗauka. Ya zaro ta, ya yanke igiyoyi 11 ɗaya bayan ɗaya, har laimar ta yage ta sake shi. Ya faɗi, ya buɗe babbar laimarsa. Ko da yake ta ɗan sarƙe da ragowar igiyoyin, ta buɗe sosai, ya sauka da 'yan raunuka kaɗan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wuƙar nan tun a ƙasa ya rataya ta.

Direba ya rage shi kaɗai da wutsiya mai rauni da tsumman laima a jikinta. Ya yi kiran neman taimako ta rediyo, ya shirya fita da tasa laima in ta ɓaci. Da ya sauko zuwa wajen ƙafa 2,500 ya ga jirgin yana jin maganarsa, sai ya sauka da shi lafiya a filin Tully. Ba ran da ya salwanta.

Hukumar binciken hatsarin sufuri ta Ostareliya ta fitar da rahotonta a watan Disamba, 2025. Ta ja hankalin masu tsalle su kula da mariƙansu, su kuma riƙa ɗaukar wuƙa. Ta ƙara da wani abu. Ta ce ba a tabbatar an loda jirgin bisa ga iyakar nauyi da zaman kayansa ba, ko da yake ba wannan ne ya jawo hatsarin ba. Wato kowa ya tsira, amma masu binciken ba su ce tun da an tsira shi ke nan ba. Sun rubuta kuskuren, don kada wata rana ya ci rai.

Bangaskiya ko gwada Allah?

Wani mai karatu zai ce, ai wannan wasa kansa gwada Allah ne. Masu bi sun bambanta a kan wannan, kuma ba muna kiran kowa ya je ya yi tsalle ba ne. Amma tambayar tana da kyau, gama an taɓa kawo wa Ubangijinmu maganar tsalle. A Matiyu 4:5-7 Iblis ya kai Yesu ƙwanƙolin Haikali, ya zuga shi ya dira ƙasa, har ya jawo Nassi domin ya nuna mala'iku za su tare shi. Yesu ya ƙi. Ya nuna cewa mutum ya jefa kansa cikin hatsarin da Allah bai aike shi ba, sa'an nan ya jira Allah ya fishe shi, wannan gwada Allah ne, ko da an lulluɓe shi da aya.

Yanzu sai mu auna kanmu da wannan ma'auni. Mutanen nan suna ɗaukar laima biyu, suna duba ta biyun duk kwana 180, suna auna nauyin kowa, suna ja layi a daɓe, suna rataya wuƙa domin ranar da ba sa fata. Mu fa? Sau nawa aka tashi zuwa taron zumuntar mata ko babban taron ikkilisiya a motar mutum 18 da aka cusa wa 26, ga buhunan abinci a bisa, aka yi addu'a aka kama hanya? Sau nawa uba ya ɗauki uwargida da yara uku a kan babur, birki yana ta gargaɗi tun makon jiya? Sau nawa aka cika kwalekwale ranar kasuwa har ruwa yana lasar bakinsa? In wani ya yi magana sai a ce masa, ba ka da bangaskiya ne? Allah zai kiyaye.

Allah yana kiyayewa, gaskiya ne, sau da yawa ma yana kiyaye mu daga wautarmu ba mu sani ba. Amma shi ne ya sa wa ƙarfe da taya da ruwa da jikin mutum iyakarsu, shi ne kuma ya ba mu hankalin gane ta. Direban mishan mai tsoron Allah yakan yi addu'a da fasinjojinsa kafin a tashi, amma kafin addu'ar ya riga ya aza kowane mutum da kowace jaka a kan sikeli. In nauyi ya wuce yakan ce a bar akwati guda, ko da na fasto ne, ko da za a ji haushinsa. Sikelin nan da addu'ar nan ba sa gāba da juna. Dukansu biyu hidima ce ga Mai rayukan da ke cikin jirgin.

Caravan jirgi ne nagari, ya dace da dako, ya dace da aikin mishan, ya dace da 'yan tsalle, muddin waɗanda ke cikinsa sun san inda ƙarfinsa ya tsaya, sun kuwa tsaya a nan. Ku zauna da iyalinku a daren nan ku karanta Matiyu 4:1-11. Ku tambayi juna, a gidan nan ina ne muke wuce iyaka muna kiran abin bangaskiya? In lokacin tafiya taro ya zo, dattawa su ƙirga mutane da kujeru tun da sauran kwanaki, a nemi mota ta biyu in ta kama. Ku kuma tuna da direbobin jiragen mishan cikin addu'arku, Ubangiji ya ba su natsuwa, da ƙarfin halin cewa a'a sa'ad da kaya ya yi yawa.